Rediyon Omdurman da Shigar Kiɗan Zamani a Sudan

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi bayani a kan yadda gidan rediyo guda ɗaya ya sauya kiɗa da waƙa a Sudan, tun daga waƙoƙin biki har zuwa kiɗan jita mai lantarki wanda ake kira rok a Amurka da Ingila. Batun ya shafi ɗalibin Hausa, domin akwai Hausawa masu yawa a ƙasar, musamman a birnin Wad Madani da ƙauyukan Jazira da na bakin Shuɗin Kogin Nilu, irin su Maiwurno. Wasu zuriyar mahajjata ne, wasu kakanninsu sun yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu kuwa noman auduga ne ya ja su bayan an buɗe madatsar ruwa ta Sennar a 1925. Mutanen Sudan kan haɗa su da Fulani da Barebari su kira su Fallata.

2.0 Kafuwar Gidan Rediyon

Turawan Ingila ne suka kafa rediyon Omdurman a 1940, a wani ɗaki na gidan waya, don watsa labaran Yaƙin Duniya na Biyu. Labari kaɗai ba ya riƙe mai sauraro, don haka aka fara gayyato mawaƙa. Sannu a hankali gidan ya zama babbar ƙofar da mawaƙi ke bi ya yi suna, kuma nan ne aka ɗauki mafi yawan waƙoƙin zamani na ƙasar aka adana.

3.0 A'isha Falatiya

A 1942 aka fara jin muryar mace tana waƙa a wannan rediyo, wato A'isha Musa Ahmad, wadda aka fi sani da A'isha Falatiya. An haife ta a Kassala, iyayenta kuwa daga Sakkwato suka fito. Mahaifinta malami ne, kuma bai yarda da sana'ar ba, domin a lokacin ana ɗaukar waƙar mace a bainar jama'a abin kunya. Duk da haka ta yi waƙoƙi fiye da 150, akasari da Larabcin Sudan, wasu kuma da Hausa. Ta rasu a 1974.

4.0 Mawaƙan Wad Madani da Kiɗan Jaz

Wad Madani ta ba gidan rediyon manyan mawaƙa. Ibrahim al-Kashif yana cikin waɗanda suka fara waƙa da ƙungiyar makaɗa masu gogen Turawa, bayansa kuma aka samu Muhammad al-Amin da Abdul'aziz al-Mubarak.

Wajen 1960 sai Sharhabil Ahmad, haifaffen Omdurman, ya shigo da jita mai lantarki da ganguna da ƙahonin Turawa, ya gauraya rok da karin waƙar Sudan. Matarsa Zakiyya ma tana kaɗa jita a ƙungiyarsa. Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, mutanen Sudan sun sa wa wannan kiɗa suna jaz, ko da yake ya bambanta da jaz na Amurka. Wannan misali ne na faɗaɗa ma'anar kalmar aro, kamar yadda Bahaushe kan kira kowane garin sabulu Omo.

5.0 Koma-baya

Dokokin Shugaba Numeiri na Satumban 1983 sun rufe wuraren da makaɗan jaz ke wasa, kuma bayan juyin mulkin 1989 an ƙara matsa wa mawaƙa har da dama suka bar ƙasar. A Afrilun 2023 dakarun RSF suka kama ginin rediyon, sai a Maris 2024 sojoji suka ƙwato shi. Ita ma Wad Madani ta faɗa hannunsu daga Disamban 2023 zuwa Janairun 2025.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa tara waƙoƙin ƙasa a gida ɗaya ya yi amfani, amma yana da haɗari, domin abin da ya sami ginin zai iya shafar abin da ke ciki. Saboda haka akwai buƙatar masu nazarin Hausa su nemo waƙoƙin A'isha Falatiya na Hausa a hannun masu tsofaffin kaset da faifai, su rubuta su, su kwatanta Hausarta da ta Sakkwato.