Ballayara: Yadda malaman likita ke tsara aikinsu da kansu

Duk ranar Lahadi garin Ballayara, mai nisan kusan kilomita 100 daga Yamai a kan hanyar Filinge, yakan cika maƙil da ƴan kasuwar ƙasar Kurfai da maƙwabtanta. In kasuwa ta ci, likita ma sai ta cika, don macen ƙauye takan haɗa tallarta da awon ciki ko rigakafin yaro a tafiya guda. To, wa ke tsara yadda za a karɓi wannan taro?

Gwamnati ce ke gina likita, ta turo ma'aikata, amma tsarin yau da gobe yana hannun ma'aikatan jinya. A yawancin cibiyoyin CSI na karkara ba dokta ke shugabanci ba, babban malamin jinya ne, wanda muka sani da majo. Shi da ungozoma da sauran abokan aiki ke raba kwanan gadi, su yanke wanda zai tsaya wajen allura da wanda zai riƙe ɗakin haihuwa, su san abin da mai sauka zai danƙa wa mai hawa. Inda suka haɗa kai, yaron da masassara ta kayar ba ya jiran layi. Inda ba sa ga maciji da juna, mara lafiya ke biya.

Binciken da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka jagoranta, wanda aka buga a 2003, ya duba gidajen likita na manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai. Ya nuna cewa bayan dokar takarda akwai al'adun aiki da ma'aikata ke koya wa juna, cikinsu har da fifita ɗan sani a kan baƙo. Abin da hannu ya ƙulla kuwa, hannu na iya kwance shi.

Sai dai kada mu ɗora musu laifin da ba nasu ba. Tun daga 2006 hukuma ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani, amma kuɗin da za ta mayar wa likitoci ya riƙa jinkiri, har magani ya riƙa yankewa. A wurare da dama, ma'aikata da jama'a suka amince kowane mara lafiya ya ƙara dala 20, wato sefa 100, don man motar kai masu tsananin ciwo babban asibiti. Daga ƙasa wannan dabara ta fito.

Mu ƴan kasuwa da masu sauraro muna da kujera a wannan tsari. Kowace CSI tana da kwamitin jama'a da ake kira COGES, mai sa ido kan kuɗi da magani tare da majo. Iyayenmu mata na kasuwa, ku da kuka iya lissafin adashi, ku nemi shiga. Ku karɓi rasit in kun biya, ku zo da katin yaro, ku tambayi wanda ke gadi in dare ya yi. Wanda ya kyautata, ku yaba masa gaban abokan aikinsa. Wanda ya saɓa, ku kai maganar ga kwamiti. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka.