Shin Ko Kun San? Tsoffin Kagarun Yaƙi Uku a Tsaunukan Jodan

Shin ko kun san cewa a ƙasar Jodan, a kan tsaunukan da ke gabashin Kogin Jodan da Tekun Gishiri, akwai kufan manyan kagarun yaƙi guda uku da suka haura shekara 800 a tsaye? Su ne Shobak da Karak a kudu, sai Ajlun a arewa. Biyun farko mayaƙan Salibiyya da suka zo daga Turai ne suka gina su, na ukun kuwa mutanen Salahuddin Ayyubi ne. Dukkansu saboda hanya aka kafa su, wato tsohuwar hanyar fatake da ta haɗa Sham da Masar, wadda ayarin alhazai ma ke bi ta gefenta zuwa Makka. Wanda ya riƙe tudun, shi ke karɓar kuɗin fito, shi ke cewa wane ya wuce, wane ya tsaya.

Shin ko kun san Shobak ce babbar yaya? Sarki Baldwin na Ɗaya, mai mulkin daular Salibiyya ta Birnin Ƙudus, ya gina ta a 1115 a kan wani tudu da ya tsaya shi kaɗai, tafiyar kilomita 30 ko kusa da haka daga Petra. Wurin ya haura mita 1,300 bisa teku, don haka mai zuwa da hunturu ya taho da rigar sanyi, domin ƙanƙara na sauka a yankin. Manoman wajen sun yi suna da noman tuffa.

Abin da ya fi ɗaure kai a Shobak yana ƙarƙashin ƙasa. Tudun ba shi da ruwa a samansa, sai maginan suka sassaƙa rami cikin dutse, da matakala kusan 375, ya gangara har zuwa idon ruwa a gindin tudun. Ko abokan gaba sun yi wa kagarar zobe, na ciki na iya ɗebo ruwa ba tare da an gan su ba. Matakalar ta zaizaye, tana da santsi, ga duhu ƙirin. Idan kun tarar a buɗe take, kada ku shiga ba tocila, kada kuma ku shiga ba ɗan jagora. Mai ciwon gwiwa ya haƙura ya tsaya a baki ya leƙa, ba abin kunya ba ne.

Shin ko kun san ruwan bai cece su ba? Bayan Salahuddin ya ci 'yan Salibiyya a yaƙin Hiɗɗin na 1187, dakarunsa suka tsare Shobak fiye da shekara guda, har abinci ya ƙare, suka miƙa wuya a 1189. Marubutan zamanin sun ruwaito cewa rashin gishiri ya sa wasu daga cikin masu tsaron suka makance.

Karak kuwa ita ce uwar labari. Wani hakimin Salibiyya mai suna Pagan ya fara gina ta a 1142, a kan hancin dutsen da kwazazzabai masu zurfi suka kewaye ta gefe uku. Gefen da ya rage, mai haɗe da gari, sai aka haƙa masa gwalalo. Daga Amman tafiyar kilomita 140 ce ko ƙasa da haka kaɗan, kuma idan sarari ya washe ana hango Tekun Gishiri daga kan katanga.

Shin ko kun san ana iya karanta tarihin Karak daga launin duwatsunta? Baƙaƙen duwatsu masu kaushi, waɗanda aka jera cikin gaggawa, aikin 'yan Salibiyya ne. Masu haske, da aka sassaƙa tsaf aka daidaita gefensu, aikin Musulmin da suka gaje su ne, Ayyubawa da Mamalik. Idan mutum ya gane wannan, ko ba allon bayani zai riƙa nuna wanda ya gina kowane sashe. Kuma a sani, rabin abin kallo yana ƙasa: dogayen zaurukan dutse masu rufin baka, hawa bisa hawa, da wurin dawakai, da madafa mai tanderu da dutsen niƙa, da kurkuku. Mai gaggawar da ya tsaya a sama ya ɗauki hoto ya juya bai ga Karak ba.

Shin ko kun san wani mai riƙe da Karak ya taɓa ɗora jiragen ruwa a kan raƙuma? Reynald na Shatiyon ke nan, wanda marubutan Larabawa ke kira Arnaɗ. Ya samu kagarar ta hanyar auren magajiyarta, Stephanie. Wajen 1182 zuwa 1183 ya sa aka ƙera jirage gunduwa-gunduwa, aka kai su bakin Bahar Maliya a bayan raƙuma, aka harhaɗa. Mutanensa suka far wa tashar Aizab da ke gaɓar Afirka, inda alhazai ke hawa jirgi zuwa Jidda, sannan suka tsallaka gaɓar Hijaz. Rundunar ruwan Masar ƙarƙashin Husamuddin Lu'lu'u ta bi su ta murƙushe su. 'Yan jagora a Karak za su nuna muku inda suka ce Reynald na jefo fursunoni daga kan katanga, bayan an sa kawunansu cikin akwatin katako don kada su suma kafin su kai ƙasa. Wannan dai labarin baka ne, amma halin mutumin ya sa ba a yi masa musu.

Ga kuma labarin da ya fi kowanne daɗin ji. A 1183 Salahuddin ya kawo yaƙi Karak, ya tarar ana biki a ciki: ɗan Stephanie, Humphrey na Toron, yana auren gimbiya Isabella ta Ƙudus. Ana ruwan duwatsu daga manyan majaujawa, ana kiɗa a ciki. Wani marubucin 'yan Salibiyya ya ce uwar ango ta aika wa Salahuddin abincin biki, shi kuma ya tambayi hasumiyar da aka sauke amarya da ango, ya hana a jefe ta. Sauran hasumiyoyin dai ba su samu wannan alfarma ba. Da taimako ya taso daga Ƙudus sai ya janye. Ya sake dawowa a 1184, bai ci ba.

Shin ko kun san kofin ruwa ne ya bayyana makomar Reynald? Ya afka wa wani babban ayari ana cikin yarjejeniyar zaman lafiya, Salahuddin ya yi rantsuwa a kansa. Ranar 4 ga Yulin 1187 aka kama shi a Hiɗɗin tare da Sarki Guy na Ƙudus. Salahuddin ya ba sarkin ruwan sanyi, sarkin ya sha ya miƙa wa Reynald. A al'adar Larabawa, fursunan da ka shayar ya shiga amanarka, don haka Salahuddin ya sa tafinta ya faɗa cewa ba shi ya ba Reynald ruwan ba. Da hannunsa ya sare shi. Fim ɗin Kingdom of Heaven na 2005 ya ƙara gishiri, ya nuna Reynald ya kashe 'yar'uwar Salahuddin, alhali majiyoyin Musulmi sun nuna ta dawo daga Hajji lafiya. Karak ta faɗi a ƙarshen 1188, ita ma yunwa ce ta buɗe ƙofarta, bayan masu tsaro sun cinye dawakansu.

Shin ko kun san Karak ta zama wurin ajiye sarakunan da aka tuɓe, kuma biyu daga cikinsu tarihinmu ya san su? Sarkin Masar Nasir Muhammad ya zauna a can a 1309, ya koma gadon sarauta a 1310, kuma shi ne Mansa Musa na Mali ya tarar a Alkahira a 1324. Sarki Barƙuƙ ma an tsare shi a Karak a 1389, ya fito ya ƙwace mulkinsa, kuma shi ne Mai na Barno, Usman ɗan Idris, ya aika wa wasiƙa yana kukan Larabawan da ke kama mutanensa suna sayarwa. Ibn Baɗuɗa, wanda daga baya ya zo har Takedda a ƙasar Nijar ta yau, ya yada zango a wajen Karak tare da ayarin alhazan Sham a 1326.

Tafiyar 'yan mintuna a mota kudu da Karak akwai Mu'uta, filin yaƙin shekara ta 8 bayan Hijira. A garin Mazar da ke kusa ne kaburburan Zaidu ɗan Harisa, da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, da Abdullahi ɗan Rawaha suke, Allah ya ƙara musu yarda.

Shin ko kun san Ajlun ta arewa kamar wata ƙasa ce daban? Tsaunukanta kore shar, da itatuwan zaitun da kurmi. Izzuddin Usama, ɗaya daga cikin hakiman Salahuddin, ya gina kagarar a 1184 don ta tsare kwaruruwan da ke gangarawa Kogin Jodan, ta kare ma'adinan ƙarfe na yankin, ta kuma sa ido kan ƙabilar Banu Auf. Mongol sun lalata ta a 1260, Sarki Baibars na Masar ya gyara. Ta zama tasha a jerin wuraren da ake kunna wuta da dare, ana sakin tattabaru masu ɗauke da wasiƙa da rana, saƙo ya bi tudu-tudu har Alkahira. Girgizar ƙasa ta 1837 da ta 1927 su suka yi mata mafi yawan ɓarnar da ake gani yau. Tun 2023 akwai keken igiya mai ratsa sararin kurmin, ga wanda zuciyarsa za ta ɗauka.

Kufan nan ba su daɗe da zama kufai ba. Matafiyin nan ɗan Suwizalan, Burckhardt, ya tarar da mutum kusan 40 suna zaune cikin kagarar Ajlun a 1812, a Shobak kuwa iyalai sun ci gaba da zama cikin katangar har shekarun 1950.

Wanda ya je Karak kada ya fito bai ci mansaf ba: shinkafa da naman rago da miyar jamid, wato nonon tumaki da aka busar ya yi tauri kamar cukun Buzaye. Na Karak ne Jodaniyawa suka fi yabo. Da hannun dama ake ci, a tsaye, a faranti ɗaya, kuma mai gida ne zai riƙa zuba wa baƙo miya har sai ya ce ya isa.