Ɗanɗano Haƙƙin Mai Saye Ne, Kwafa Kuwa Cin Amana

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, wata mas'ala ta taso tsakanin 'yan kasuwar Fagge da Sabon Gari a Kano, watau cinikin fim da waƙa da littafi da ake turawa cikin waya. Mai saye yana cewa ba zai ba da kuɗinsa a kan abin da bai gani ba, alhali in ya tarar da aibi ba a karɓar kayan. Mai fim kuwa yana kuka, wai mutum ɗaya ke biya, jama'a su kalla a banza. Kowannensu yana riƙe da rabin gaskiya.

Ga asalin al'amarin. Tun da aka fitar da Turmin Danya a 1990, sana'ar fim ta kafu a Kano bisa kaset. Mai fim yakan buga kwalaye ya kai wa dillalai a Ƙofar Wambai da Bata, su kwafa su sayar, abin da ya yi kwantai kuma a mayar masa. Mai saye yakan sa a gwada masa a gabansa, in kaset ya ƙi yi ya dawo a musanya. Da faifan CD ya zo sai kwafa ta yi sauƙi. Da intanet da memori suka zo kuwa sai haja ta rasa jiki. Yaro da kwamfuta a rumfa sai ya tura fim goma cikin ɗan lokaci, kuɗi su tsaya a aljihunsa. Haka marubuta, yawancinsu mata, masu sayar da littafi ta WhatsApp: mace ɗaya ta biya, kafin gari ya waye an rarraba shi.

To, shari'a ba ta bar mai saye a duhu ba. Risala ta Ibn Abi Zaidin ta hana sayen tufa wadda ba a warware ba kuma ba a siffanta ta ba, amma ta halatta sayar da dila a ɗaure bisa takardar da ta bayyana abin da ke ciki. Wannan shi ne aikin 'yan Kantin Kwari kullum. In an kwance dila aka ga saɓanin siffa, mai saye yana da ikon mayarwa. Muhtasar na Shehu Halilu kuma ya iyakance kwanakin hiyari, watau zaɓi, in an sharɗanta shi: kamar wata guda ga gida, kamar kwana 3 ga tufa.

Sai dai akwai bambanci. Turmin atamfa in an mayar da shi ya bar hannun mai saye. Fim kuwa ko an ce an mayar, yana nan kwance cikin waya, an kuma riga an kalle shi. Saboda haka zaɓin kwanaki ba zai yiwu a nan ba. Abin da zai tsaya a matsayinsa shi ne ɗanɗano da siffa ta gaskiya. Mai fim ya nuna yanki kyauta, marubuciya ta saki shafukan farko, a faɗi tsawonsa da ko ya ƙare ko da saura. In abin ya ƙi buɗewa, ko ya yanke a tsakiya, ko murya ta lalace, wannan aibi ne, wajibi a mayar da kuɗi. Amma rashin jin daɗin labari bayan an ɗanɗana ba aibi ba ne.

Waɗansu suna kafa hujja da cewa malaman da sun kwafi littattafai da hannu ba tare da biyan kowa ba. Gaskiya ne, amma mawallafan nan lada suka nema, ba su ci bashi don buga littafi ba, ba su kuma ɗauki ma'aikata masu jiran haƙƙinsu ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa abin kiyayewa ne a shari'a, bai halatta a taɓa shi ba. Dokar Nijeriya ma ta bi ɓangarorin biyu. Wadda aka sa wa hannu a 2019 ta ba mai saye ikon duba kaya da mayar da mai aibi, ta 2023 kuwa ta ba mai wallafa ikon sa a cire aikinsa da aka sata a intanet.

Saboda haka wanda ya ce ya kwafa ne domin ya ɗanɗana, sa'an nan ya kalli fim duka ya tura wa abokai, ya wuce ɗanɗano ya shiga cin dukiyar mutane. Mai ɗanɗana zuma a kasuwa da tsinke yake taɓawa, ba ya ɗauke tulu. Mai sayarwa da ya hana ɗanɗano kuma ya ƙi karɓar mai aibi, shi ma ya yi algus, shi ne kuwa yake kora masu saye zuwa rumfar ɓarayi.

Allah ya shiryi mai saye da mai sayarwa, ya tsarkake kasuwannin Musulmi daga haram. Amin. Tammat bi hamdillahi.