Ƙaurar Gaskiya Ta Fi Kwabo Daga Zariya Zuwa Kaduna

Duk wanda ya tsaya wurin masu sayar da jaridu a Gwarinpa, unguwar nan ta Abuja da aka gina a zamanin mulkin Janar Sani Abacha, ya tambayi jaridar Hausa, to, Aminiya za a fara ambata masa. In kuwa ya ce Gaskiya Ta Fi Kwabo yake nema, sai dai yaron ya dube shi, don galibin masu tallar yanzu ba su taɓa riƙe ta ba. Alhali kuwa akwai lokacin da in Bahaushe ya ce jarida, ita yake nufi.

Mutane sukan ɗora laifin ɓacewarta a kan rediyo da wayar hannu da tsadar takarda. Duk waɗannan sun taka rawa. Amma akwai wani abu da ba a cika ambata ba, watau yadda aka yi ta sauya mata gida da iyayengiji, da abin da kowane sauyi ya ƙara mata ko ya rage mata.

An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na shekarar 1939, a ƙarƙashin Hukumar Talifi da ke Zariya, wadda Dokta Rupert East yake shugabanta. Malam Abubakar Imam, wanda a lokacin ya riga ya yi suna da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, shi ne editanta na Hausa. Sau ɗaya take fitowa a wata, kuɗinta kuwa kwabo ɗaya. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa Turawan mulki suka gaggauta kafa ta shi ne jita-jitar da ta cika kasuwanni a lokacin, cewa wai Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus don ta lallashi Hitila. Sunan jaridar kansa kamar amsa ce ga masu yaɗa irin wannan magana.

Kafin shekarar ta ƙare sai Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, jama'a suka shiga ƙishirwar labari. Aka ɗebi samarin Arewa aka kai su Gabashin Afirka da Bama, iyaye suna son su ji halin da ake ciki, su kuma sojan suna son labarin gida. A shekarar 1941 aka ƙara mata wata takarda ta ajami da ake kira 'Yar Gaskiya, saboda malamai da almajirai waɗanda ba su iya boko ba. Kwafi ɗaya kuma ba mutum ɗaya yake karanta shi ba. Malamin makaranta ko magatakardan hakimi yakan zauna a ƙofar gida bayan la'asar ya karanta da ƙarfi, mutane suna kewaye da shi, in an gama a miƙa wa na gaba.

Ƙaurarta ta farko ba ta fitar da ita daga Zariya ba. A shekarar 1945 gwamnati ta kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, aka gina masa ofisoshi da maɗaba'a da gidajen ma'aikata, Dokta East ya zama shugabansa. Wannan ƙaura ta yi wa jaridar rana, domin ta sami injin kanta, editoci da masu jera haruffa da masu duba kuskure suka zauna a harabar guda. Zariya kuma mahaɗar jirgin ƙasa ce, hanyar Kano da ta Gusau da ta Kaduna duk nan suke gamuwa, saboda haka aika jarida zuwa larduna bai zama wahala ba.

Abin da ya fi injin muhimmanci shi ne irin mutanen da suka taru a wurin. Masu rubuta jarida da masu rubuta littattafai da masu fassara ofis ɗaya suke shiga, inuwa ɗaya suke sha. In wata sabuwar kalma ta Turanci ta taso, ta mulki ko ta likita ko ta noma, nan za a yi ta ja-in-ja a kanta har a tsai da wadda kunnen Bahaushe zai karɓa, gobe a gan ta a jarida, baɗi a gan ta a littafin makaranta. East da Imam sun dage a kan a rubuta Hausa yadda masu ita suke faɗinta, kada a bi Turanci kalma da kalma. Wannan ne ya sa har yau in dattijo ya ce Hausar Gaskiya, an san abin da yake nufi.

Haka kuma batun haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ. Da can ɗigo ake sa wa harafin a ƙasa, sai a ƙarshen shekarun 1930 aka koma ga lanƙwasa. Mai karatu zai iya ɗauka wannan ƙaramin abu ne, amma ya gwada bambancin an kare gari da an ƙare gari, ko kafa da ƙafa, ya gani. Maɗaba'ar da aka kafa don Hausa dole ta tanadi waɗannan haruffa. Wadda aka kafa don Turanci kuwa sai in an matsa mata, shi ya sa jaridun Hausa da dama da aka buga a injin aro suka riƙa fitowa babu lanƙwasa, aka bar mai karatu yana lalube.

A wannan gida Gaskiya ce babba. Sai a shekarar 1948, bayan ta shekara tara, aka haifa mata ƙanwa ta Turanci mai suna Nigerian Citizen. Editan jaridar Hausa kuma mutum ne da ake jin maganarsa a ƙasa. A shekarar 1943 Malam Abubakar Imam yana cikin 'yan jaridun Afirka ta Yamma da aka gayyata zuwa Ingila, tare da Dokta Nnamdi Azikiwe na jaridar West African Pilot ta Ikko. A tafiyar ne Azikiwe ya shirya takardar neman mulkin kai, Imam ya ƙi sa hannu saboda yana ganin ba ta dubi halin da Arewa take ciki ba. Ko mutum ya yarda da shi ko bai yarda ba, abin lura shi ne a zamanin editan jaridar Hausa yana zaune kafaɗa da kafaɗa da manyan editocin Kudu.

A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, gidan ya ƙara cika. Hukumar NORLA ta riƙa fitar da littattafai masu araha da ƙananan jaridun larduna, irin su Zaruma ta Sakkwato da Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano da Bazazzaga ta Zariya. Duk wanda ya gama ajin manya a ƙauye ya soma da waɗannan, in hannunsa ya faɗa sai ya hau Gaskiya. Da aka rufe NORLA a shekarar 1959 wannan tsani ya karye, ko da yake babbar jaridar ta ci gaba.

Ƙaura ta biyu ita ce babba. Gwamnatin Jihar Arewa, a ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, ta ga cewa jaridun Ikko da na Badun suna fitowa kullum suna faɗin abin da suka ga dama game da Arewa, ita kuwa ba ta da mai mayar da martani kullum. Sai aka kafa sabon kamfanin jaridu a Kaduna, hedkwatar Jihar, da injin zamani wanda bugunsa ya fi na sauran jaridun ƙasar tsabta a lokacin. Ran 1 ga watan Janairu na shekarar 1966 New Nigerian ta fito, ta maye gurbin Nigerian Citizen, Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma aka mayar da ita ƙarƙashin sabon kamfanin. Mako biyu bayan haka, ran 15 ga wata, aka kashe Sardauna a juyin mulkin soja na farko.

Tsakanin Zariya da Kaduna kimanin kilomita 80 ne, tafiyar da ba ta kai a yi guzuri ba. Kuma ba za a ce jaridar ba ta ƙaru ba. Hotunanta suka fito sarai, ta matso kusa da ma'aikatun gwamnati da gidan rediyon Kaduna inda labari yake, ta shiga motocin da ke kai New Nigerian garuruwa da asuba. Daga baya har ta kai tana fitowa sau uku a mako, kuma a shekarun 1970 da 1980 da wuya a sami tashar mota ko ofishin ƙaramar hukuma a Arewa da ba a ganinta. Ko da aka canja kuɗi a shekarar 1973, aka bar fam da sule aka koma naira, sunanta bai motsa ba, sai dai farashin ne ya yi ta wuce kwabo.

To, amma fa an raba gida. Littattafai suka tsaya a Zariya, inda a shekarar 1966 ɗin aka kafa kamfanin NNPC tare da Macmillan na Ingila, jaridu suka tafi Kaduna. Marubucin littafi da ɗan jarida suka daina shan inuwa ɗaya. Bugu da ƙari, wadda take uwargida a Tukur-Tukur sai ta koma zaman ƙanwa a Kaduna. New Nigerian ce mai fitowa kullum, ita manyan ma'aikata da sojoji masu mulki suke karantawa, ita 'yan kasuwa suke kai wa talla, kuma editocinta irin su Malam Adamu Ciroma da Malam Mamman Daura su ne sunayensu suka cika ƙasa. A duk gidan jaridar da ke da harshe biyu, in takarda ta yi ƙaranci ko injin ya cushe, an san wadda za a ce ta dakata. Labari kuma yawanci da Turanci yake fara isowa, daga baya a juya shi, kuma duk ƙwarewar mai fassara, in agogo yana korarsa, sai ƙashin Turancin ya leƙo ta cikin Hausar.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, tun daga ranar an ɗaura ƙafarta da ta New Nigerian, duk inda aka kai waccan nan za ta. Da aka raba Arewa jihohi shida a shekarar 1967, kamfanin ya zama na jihohin gaba ɗaya. A shekarar 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta karɓe shi, a daidai lokacin da ta karɓi kashi 60 cikin ɗari na Daily Times ta Ikko. A shekarar 2006 gwamnatin tarayya ta mayar da shi ga jihohin Arewa 19. Bashi ya yi yawa, injuna suka tsufa, albashin ma'aikata ya riƙa makalewa. Bayan shekarar 2010 fitowar jaridun ta riƙa yankewa, har aka daina ganinsu a hannun masu talla. Babu wanda ya zauna ya yanke shawarar a kashe jaridar Hausa mafi daɗewa a ƙasar nan. Gidan da aka kai ta ne ya rushe da ita a ciki.

Ba ita kaɗai ta ga haka ba. Amana, wadda kamfanin Concord na Cif M.K.O. Abiola ya riƙa bugawa a Ikko tare da Isokan ta Yarabanci da Udoka ta Ibo, ta tafi ne tare da National Concord bayan rikicin zaɓen 12 ga Yuni na shekarar 1993 da tsare mai kamfanin. Albishir da Alfijir ta ajami a Kano su ma ƙarƙashin Triumph suka rayu, wahalarta ce wahalarsu. Aminiya, wadda ta fara fitowa a shekarar 2006, ita ma a gidan Daily Trust take, kamfanin da ya soma a Kaduna a shekarar 1998 kana ya koma Abuja, inda gwamnatin tarayya ta tare tun watan Disamba na shekarar 1991. Tana nan da ranta, amma ita ma ƙanwa ce a gidan yayarta.

Akwai wani kaya kuma da masu ƙaura sukan manta da shi saboda nauyinsa, watau tsofaffin fitowa. A shafukan Gaskiya akwai wasiƙun talakawa zuwa ga edita tun zamanin En'e, da waƙoƙin da ba a taɓa tarawa a littafi ba, da muhawarar da aka yi kafin samun mulkin kai a shekarar 1960, da labarin yaƙin basasa yadda aka ba Bahaushe shi a harshensa. Mai neman waɗannan yau sai ya nufi Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ko Gidan Arewa, ko ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya roƙa a ɗauko masa kundi. Takardar jarida kuwa ba don ta daɗe aka yi ta ba, tana ja tana karyewa da zafi da ƙura, kuma fitowar farko ta riga ta haura shekara 85.

Ɗaukar hoton waɗannan shafuka ɗaya bayan ɗaya a adana su a kwamfuta aiki ne na 'yan ma'aikata kaɗan da na'ura, bai kai kuɗin sayen sabon injin buga jarida ba. Tun da a shekarar 2006 aka damƙa kamfanin a hannun gwamnonin Arewa 19, su ne ya kamata su ba da umarni a fara, tun daga fitowar Janairun 1939.