Taɓarya Uku, Turmi Ɗaya

Minna ƙasar doya ce. Manoman Gbagyi na kawo ta daga Paiko da Gwada da ƙauyukan Shiroro, shi ya sa da wuya a yi biki a watse ba a ci sakwara ba. In mata uku suka kewaye turmi guda suna lugude, abin kallo ne. Wannan taɓaryar na sauka, waccan na tashi, ta ukun na sama tana jiran gurbinta. Ba mai ƙirga musu, kunne ne ke aiki. Can sai ɗaya ta tsoma hannu a ruwa ta juya curin, ko ɗaga kai ba ta yi, don ta san 'yan uwanta sun tsaya mata. Amma a samu mai ƙarfi da gaggawa, mai son a ce ita ce gwana, nan da nan taɓare za su gwaru, doya ta huce, a kwashe da gudaji.

Haka shagon tela yake a goman ƙarshe na azumi, ko a unguwar Tunga ne, ko Bosso, ko Kpakungu. Kaftani ɗaya sai ya bi ta hannun mai yanka, da mai ɗinki, da mai aikin wuya, da yaron da ke sa botin, kafin ya isa wurin mai guga. Jihar Neja, inda Minna take, ita ce ke da madatsar wutar lantarki ta Kainji da aka kammala a 1968 da ta Shiroro da aka kammala a 1990, duk da haka tela bai isa ya raba gari da janareto ba. Wuta na zuwa, kowa so yake a ce nasa aikin ne a gaba.

A nan masu shago da yawa ke kuskure. Oga zai tara yara ya yi ta wa'azin haɗin kai, alhali shi ya tsara biyan da ke raba kansu. In kuɗin mutum ya dogara kacokan ga yawan rigunan da ya fitar, me zai sa ya tsaya ya warware wa ƙaramin yaro zaren da ya cukurkuɗe a keke? Sai ka ga gwanin shago ya tara jikin riguna tsibi guda, mai aikin wuya na can a baya yana gumi, mai kaya kuma na bakin ƙofa ya kafe sai an ba shi yadinsa. Gwanin bai yi laifi ba a lissafinsa, amma ko riga ɗaya ba ta fita ba. Ni a ganina, irin wannan gwani ya fi malalaci tsada.

Shagunan da suka zauna lafiya, za ka tarar ana ware wani kaso na kuɗin Sallah a raba wa kowa, har mai guga. Littafin awo a buɗe yake, ba a aljihun mutum ɗaya ba. In an ɓata wuyan riga, maigida ne ke fita ya ce, “Alhaji, a yi haƙuri, mu muka yi kuskure,” faɗa kuma sai an rufe shago. Ƙaramin abu ne, amma yaron da aka rufa wa asiri yau shi ne gobe zai faɗi kuskurensa tun kafin almakashi ya ci shaddar mutane.

Minna na da wata dama kuma. Tun zuwan jirgin ƙasa a farkon ƙarni na 20 garin ya tara Nufawa da Hausawa da Yarbawa da Ibo a kan Gbagyi 'yan ƙasa, ya ƙara cika da aka mai da shi babban birnin jiha a 1976. Shago ɗaya kan haɗa Musulmi da Kirista. Maigida mai wayo yakan bar su su shirya da kansu: masu azumi su tashi shan ruwa, sauran su riƙe kekuna, in Disamba ta zo a juya.