Ƙaryar "Na Samu" da Akwatin da Mai Shi Ya Yasar

A ranar 2 ga Mayun 2000 gwamnatin Amurka ta daina rage kaifin siginar GPS da farar hula ke amfani da ita. Washegari wani mai suna Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya saka lambobin wurin a intanet, ya ce mai iyawa ya nemo. Nan wasan jiyokashin ya samo asali, kuma a yau shafin Geocaching.com, wanda kamfanin Groundspeak na birnin Seattle ke gudanarwa, yana ɗauke da ɓoyayyun akwatuna sama da miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190. Tsarin ba shi da wuya. Wani ya ɓoye ɗan akwati da takarda a ciki, mai nema ya bi lambobi da wayarsa har ya gano shi, ya rubuta sunansa a takardar, ya mayar yadda ya tarar, sannan ya koma shafi ya rubuta cewa ya samu. Babu alƙalin wasa, babu mai gadi. Shi ya sa abubuwa biyu ke ci wa masu wasan tuwo a ƙwarya: wanda ke rubuta "na samu" bai je ba, da wanda ya ɓoye akwati ya yi watsi da shi. Ana yawan ɗaukarsu matsaloli biyu daban, alhali ta farkon ce ke rufa wa ta biyun asiri.

A duba yadda abin yake faruwa. Akwati yana ƙarƙashin gada, ruwa ya tafi da shi, mai shi kuma ya daɗe da barin wasan. Da a ce mutum biyar sun je a jere kowa ya rubuta "ban samu ba", da shafin kansa ya nuna akwai matsala, domin tsarin kamfanin yana lura da irin waɗannan rahotanni, yana aika wa mai akwati saƙo ya je ya duba, masu tantancewa na sa kai su ma suna gani. Amma sai ga mutum guda daga kan kujerarsa ya rubuta "na samu, na gode". Mai shirin zuwa ya ga an samu makon jiya, ya zuba mai, ya kwashi yara, ya shafe awa guda yana laluben duwatsu a kan abin da babu shi. Ya dawo yana zargin idonsa, kunya ma ta hana shi rubuta cewa bai gani ba. Ta haka mataccen akwati ke shekara da shekaru a taswira kamar mai rai. Wannan ce amsar masu cewa ai wasa ne, maƙaryacin kansa ya cuta. Ba kansa kaɗai ba. Ƙa'ida ta hana a ɓoye sabon akwati a ƙasa da mita 161 daga wani, don haka wuri mai kyau na nan a tsare, wanda ke da niyyar kula da nasa ba zai samu gurbi ba.

Ƙa'idar shafin a fili take: akwatin da ke da takarda ba a rubuta an same shi sai an sa hannu a takardar, kuma mai akwati yana da ikon goge rahoton da ya tabbata na bogi ne. Amma zargi ba hujja ba ne, kuma a nan ne masu zafin kai ke yin ɓarna. Gaskiya akwai alamun da ke sa a ɗaga gira, kamar mutum ya ce ya samu akwati a Jamus da wani a Kanada a rana ɗaya, ko ya jera kalmomi iri ɗaya a kan akwatin da kowa ya san sai an hau bishiya. Sai dai takarda na jiƙewa ta zama kamar fate, biro na ƙafewa, 'yan rukuni kan sa suna ɗaya a madadin su duka, wani kuma sai bayan wata uku yake tuna ya shigar da rahoto, ranar ta fito a karkace. Abin da ya dace da mai akwati shi ne ya taka ya je ya buɗe takardar ya gwada da abin da ke shafi. In babu sunan, ya aika saƙo a keɓe cikin ladabi, ya nemi mutumin ya kwatanta akwatin ko inda yake ɓoye. Wanda ya je ba zai rasa abin faɗa ba. In an yi shiru, a goge. Tona asiri a bainar jama'a ba ya ƙara komai sai gaba. Kuma tun 2009 aka soke ikon ɗora wa mai nema wasu sharuɗɗa na daban, irin su sai ya turo hoto, don haka wanda sunansa ke takarda ba a goge shi don an ji haushinsa.

Akwai wata ƙaryar mai kama da alheri, ita ce ta fi wuyar magani. Mutum ya nema bai gani ba, sai ya ciro kwalbar magani daga jaka, ya tura guntuwar takarda, ya ajiye inda yake zaton nan ne, ya rubuta ya samu. In an yi magana ya ce taimako ya yi. To, abin da ya samu abin da ya zo da shi ne. Sau da yawa ainihin akwatin na nan taku biyu daga wurin, sai a wayi gari da akwati biyu, ba a san wanne ne na gaskiya ba. In kuwa da gaske ya ɓata, sabuwar kwalbar ba ta da mai ita, damina ɗaya za ta koma shara. Canza takardar da ta cika ko tsane ruwa kyautatawa ce. Sauya akwati dungurungum kuwa sai da yardar mai shi.

Wasu na ƙin kai rahoton yasasshen akwati don kada a ce su 'yan tsegumi ne, ko don tausayin tsohon akwati mai tarihi. Tausayin yana da gurbi, domin akwatin Mingo na jihar Kansas, wanda aka ɓoye a Mayun 2000, har yanzu ana zuwa takanas don shi. Amma kula ce ta rayar da shi, ba rufa-rufa ba. Matakan ma a hankali suke tafiya: a rubuta ba a samu ba, in matsalar ta tabbata a nemi mai akwati ya duba, in makonni sun wuce babu amsa a sanar da mai tantancewa. Shi ma yakan dakatar da shafin ne tukuna, ya ba da wa'adi, kafin ya rufe. Mai akwatin da ya gaji yana iya miƙa shi ga wani ya ci gaba da riƙo, amma da amincewarsa, ba a ƙwace.

Akwatin wasan kuma ba ƙazanta kaɗai yake iya jawowa ba. A Yulin 2011 an rufe tsakiyar garin Wetherby na Ingila na sa'o'i, masu kwance bam suka tarwatsa wani akwatin wasan da aka zaci abin fashewa ne. A ƙasashenmu, inda sha'anin tsaro ya sa kowa ke kaffa-kaffa da jakar da ba a san mai ita ba, abin ya fi haka haɗari. Mai sha'awar wasan, ko a gida ko ɗalibi a Turai, kada ya ɓoye akwati inda ba zai iya komawa ba, kada ya ajiye ba da izinin mai wuri ba, ya nisanci kasuwa, tasha da wuraren ibada. Ranar da ya gaji kuma, ya rufe shafin da kansa, ya je ya ɗauke kayansa.