Man Shanu a Wata Ruga ta Bakin Binuwai

Wanda duk ya kwana a rugar nan da ke gabas da Garwa, daura da hanyar Pitowa, da zarar an idar da sallar asuba zai ji ƙarar gorar da matan Fulani ke kaɗa nono a ciki, har mai ya taso su dunƙule shi su jefa a ƙwarya. A nan wata dattijuwa ta nuna mini curi guda, ta ce, "Malam, dubi launinsa, ka san inda shanunmu suka yi kiwo."

Haƙiƙa maganarta ta dace da binciken masana, domin a damina, sa'ad da gamba da kyasuwa suke ɗanyu shar, sinadarin karotin da ke cikin ganye yakan bi jinin saniya ya shiga kitsen nono, man ya fito rawaya, mai taushi da ƙamshi, ɗauke da bitamin A wanda idon yaro da lafiyarsa ke bukata; amma idan rani ya tsananta, ciyawa ta zama yayi, aka koma ga dusa da ƙulin 'ya'yan auduga, sai nono ya ragu, man ya yi fari ya yi tauri, albarkarsa ta yi naƙasu. Ita kuwa ciyawa daga ƙasa take samun ƙarfinta. Fadamar da ambaliya ke shimfiɗa wa laka kowace shekara takan riƙe ɗanyen tsiro har cikin bazara, alhali faƙon da Fulani ke kira harde, wanda noma da zaizaya suka cinye, da ƙyar yake fid da abin da saniya za ta lasa. Don cike gibin gishirin da ciyawa ta rasa ake ba shanu kanwa, makiyayan Ngaundere kuma a zamanin kakanni suka riƙa kai garkensu maɓuɓɓugan ruwan kanwa da ake kira lahore.

Abin da ke damuna shi ne ƙuncin da makiyaya ke ƙara shiga. Tun da aka kammala madatsar Lagdo a 1982 ambaliyar kwarin Binuwai ta sauya hali, gonakin auduga kuma sun mamaye burtali da dama, har ya zama watannin rawayan mai sun taƙaita. Dattijuwar ta rufe ƙwaryarta da faifai, ta aza wa jikarta a ka, yarinyar ta kama hanyar kasuwa tun rana ba ta narkar da man ba.